Cinikin Tikeswar a Ƙarƙashin Gamuca

Mijin yayata ne, don haka ina da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma na mori damar nan shekara da shekaru ban gaji ba. Tikeswar Meher sunansa. Mutanen Kendupali suna ce masa Tike Dada, wato babban yaya, ni kuwa Bhato nake ce masa, yadda kowace mace a wajenmu take kiran mijin yayarta. Ranar da ya zo ɗaukar yayata Nani Kuntala ina 'yar mitsitsiyata, ni na ɓoye masa takalmi, sai da ya fanshe shi da alewa. Daga baya ni ma aka kawo ni garin aure, gida uku tsakaninmu, ya ce shi ke nan, an kawo masa annoba har ƙofa. Yau zan ba da labarinsa amma bakina ya yi nauyi, domin kunyar da ya sha ba shi kaɗai ta jiƙa ba, har mu danginsa ta fantsamo mana.

A bakin ramin saƙa ya buɗe ido. Ubansa masaƙi, kakansa masaƙi. Mu 'yan Meher ba mu da gona ba mu da saniya, zare ne gonarmu. Bai wuce aji huɗu ba aka cire shi daga makaranta aka zaunar da shi naɗin kwarkwaro, kafin gemu ya fito masa ya riga ya zura ƙafa a ramin ubansa. Tsohon nan kuwa ba ya koyarwa da baki, da ƙoshiya yake koyarwa, a bayan hannu. Har yau akwai tabon a yatsan Bhato, yana nuna shi kamar lambar yabo.

Saƙarmu ta ɗauri ce. Tun zare yana zarensa ake ɗaɗɗaure shi, a rina, a kwance, a sake ɗaurewa a sake rinawa, sai an hau rami ana jefa ƙoshiya sannan kifi ko fure ya bayyana a jikin zane. Ɗauri da rini aikin Nani ne. Nasa kuwa daidaitawa: duk zaren da ya jefa sai ya tsaya ya ja shi da farce har launi ya haɗu da ɗan'uwansa na ƙasa. Aikin ido ne zalla. In ido ya kuskure, kifin zai fito kamar ana kallonsa cikin ruwan da aka jefa wa dutse.

Bhato kuwa a zamaninsa ido gare shi. Dogo ne siriri, bakinsa kullum ja wur da taunar ganyen pan, ga cika baki.

"Bilasa, dubi nan," zai ce mini, ya shimfiɗa zane a cinya. "Kifin nan in aka jefa shi kogi sai ya yi iyo."

"To jefa shi tukunya mana mu ci, tunda yayata ta kwana biyu ba ta ga na gaske ba."

"Kin ji ki. Wanda ya aure ki ya yi wa gari aiki."

Haka muke, kuma gaskiya kifinsa kifi ne. Amare daga garuruwa masu nisa suna aikowa a yi musu zanen biki a raminsa.

Kasuwarmu ranar Juma'a take ci, a babbar rumfar kwano da ke kan hanyar Bargar, kuma ba a ciniki da baki a cikinta. Mai saye zai tsuguna, masaƙi ya sauke gamucarsa, jan ƙyallen nan da kowane namiji yake ratayawa a kafaɗa, ya lulluɓe hannayensu, yatsu su yi magana. A ƙarƙashin nan ake tayi, a nan ake sallamawa, a nan ake damƙa kuɗi a ninke. Abin da ya faru ƙarƙashin gamuca ba a tambayarsa, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Wanda ya leƙa kuwa an gama sanin irin gidan da ya fito.

'Yan kasuwar birni da wannan suka daɗe suna yanka mu. Kowa suka tsuguna gabansa sai su matsa masa yatsa su raɗa masa cewa maƙwabcinsa ya sallama ƙasa da haka, shi kuma ba damar ya tambaya. Bhato ne ya kawo ƙarshen abin, yana da ƙuruciyarsa a lokacin. Ranar bikin sabuwar shinkafa ya tara masaƙan ƙauyuka biyar a gaban uwarmu Samalei da muke bauta wa, kowa ya ajiye ƙoshiyarsa a ƙasa ya dafa, aka rantse: zane mai cikakken ɗauri ba mai sayar da shi ƙasa da farashin da aka yanke, kuma duk shekara a ranar za a sake yankewa. 'Yan kasuwa suka yi dariya suka tafi hannu rabbana. Muka yi makonni muna cin shinkafar da ta kwana a ruwa da gishiri, ko albasa babu. Da lokacin bukukuwan aure ya matso, su da kansu suka dawo suna ta gaisuwar juhar juhar, suka saya yadda muka ce.

Daga ranar ya zama Tike Dada na kowa. Wurin zamansa a kasuwa shi ne kan layi, gindin ginshiƙi. Shi ake fara miƙa wa sabuwar shinkafa. In ɗan kasuwa ya yi tayin wulaƙanci, Bhato zai miƙe ya nuna shi da yatsa, ranar ba mai buɗe masa ɗauri a rumfar kaf. Kuma ku lura, rantsuwar nan ba ta da mai gadi. Ba wanda yake ganin yatsun wani. Abin da ya riƙe ta kawai shi ne kowa yana cewa a ransa, in Tike Dada ya riƙe, ni ma na riƙe.

To shi ne ya fara saki. Wannan daga baya na sani, wani daga bakin Nani, wani daga bakinsa, amma gara in faɗa muku tun yanzu.

Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, a hankali. Da fari sai ya ce fitila ce ba ta da ƙarfi, aka sauya. Sai ya ce rinin zamani ne ba ya fita. Nani ta gane, don ta ga yana kusantar da fuska har gashin bakinsa yana shafar zare, amma ta yi masa maganar asibiti sau ɗaya ya daka mata tsawar da ba ta sake ba. Zane kuma in ya sauke shi daga rami shi yake ninkewa da kansa, ya ɗaure, ba mai gani. A shekarar farashin da aka yanke rupi dubu huɗu ne.

Wanda ya fara gani shi ne Banwari, babban mai saye a kasuwarmu, wanda muke kira Seth, wani gajere mai tumbi da zobe a kowane yatsa. Ya tsuguna ya ɗaga gefen zane ya duba, ya yi ƙasa da murya.

"Tike Dada, kifinka ya biya ta shagon giya ne wannan satin?"

Bhato ya sauke gamuca ya rufe hannu, ya kama masa yatsu huɗu. Banwari ya lanƙwashe biyu, ya bar masa biyu da 'yan gaɓoɓi. Suka daɗe a haka, fuska ba yabo ba fallasa, mu muna daga nesa muna cewa kai, Dada yana gasa wa Seth aya a hannu.

Yana iya ƙin sayarwa, wannan gaskiya ne. Amma in ya ƙi, zanen zai zauna a gabansa, wani ya zo ya buɗe, wani ma ya buɗe, kafin azahar duk rumfa ta san idon Tikeswar Meher ya ƙare. Kunya biyu aka ajiye masa ya zaɓa, ya zaɓi wadda ake iya rufewa da ƙyalle. Ya sallama.

Da sau ɗaya ne da na yi masa uzuri. Amma Juma'a ta zagayo aka sake, aka kuma sakewa. Don kada Nani ta ga giɓi a kuɗin gida sai ya daina taunar pan, ya daina shan shayin kasuwa, ya ce likita ne ya hana shi. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar likita ba! Ni da bakina na ce masa, "Bhato, yanzu da haƙoranka suka yi fari ko za ka ƙaro mana amarya ne?" Ya yi 'yar dariyar yaƙe.

Banwari bai tona shi ba, don me zai yanka kazar da take masa ƙwai? Masu sayensa na birni ba su san kifi mai hankali da mai maye ba. Abin da ya fi masa riba ma shi ne bakin Bhato ya rufu. Sai ya shiga bin layi yana matsa wa mutane yatsa ƙasa-ƙasa, in an ƙi ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Za ku sauko ne, ina nan." Aka zuba ido Tike Dada ya miƙe ya nuna shi da yatsa kamar da. Tike Dada yana zaune yana gyara ɗauri.

Wadda ta fi ji a jika ita ce Ukiya. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ta ɗaure zane ta shiga raminsa, abin da ba kasafai mace take yi ba a wajenmu. Bhato da kansa ya ba ta wuri kusa da shi a kasuwa, don girmama mamacin. Gamucar mijin take zuwa da ita a ninke, da ita take rufe hannu. Ina jin ta wata Juma'a, bayan Banwari ya tashi daga gabanta.

"Dada, mutumin nan uku yake kama mini. Sati na uku ke nan ina komawa da kaya. Mai zare ya daina gaishe ni."

"Ki daure, ƙanwata," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Rantsuwa rantsuwa ce."

"Na sani, Dada. Ai kai nake kallo."

Ta ɗaure kayanta ta ɗora a ka. In na tuna maganar nan har yanzu sai in ji fuskata ta yi zafi kamar ni na faɗe ta. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma yana tashin wasu.

Ana cikin haka biyan kuɗi ta waya ya shigo kasuwarmu, kuma ni ba zan zage shi ba. Kafin zuwansa an taɓa cusa wa wani tsoho jabun takardu a ƙarƙashin gamuca, bai sani ba sai a wurin mai zare. An tare wani a hanyar bakin magudanar ruwa an raba shi da guminsa na wata guda. Ƙungiyar masaƙa ta buɗe wa kowa asusu, ta raba mana kati mai baƙaƙen ɗige-ɗige, mai saye ya haska wayarsa kuɗi su faɗa asusunka. Da fari 'yan damfara suka samu ƙofa, su nuna maka hoton ƙarya a waya wai sun tura, su yi gaba da zane. Sai ƙungiya ta kawo ɗan akwati mai magana, bai fi ƙoƙon awo ba. Kuɗi na shiga zai buɗe baki da muryar wata mace mai fara'a ya faɗi nawa ne, in bai yi magana ba to kada ka saki kayanka. Mu mata mun fi kowa murna. Nawa mijin, kuɗin kasuwa ya daina ratsewa ta wurin masu giyar mahuwa kafin ya iso gida.

Ciniki bai bar ƙarƙashin gamuca ba, amma ƙarshensa ya fito fili. Daga nan ka ji akwati ya ce an karɓi rupi dubu huɗu, daga can ka ji dubu huɗu da ɗari biyu, masu shi suna hura hanci. Mutane suka riƙa zuwa gindin ginshiƙi suna cewa, "Tike Dada, rantsuwarka ta samu maroƙiya!" Shi kuma ya yi murmushi irin na mai ciwon haƙori.

Shi kaɗai ya ƙi karɓar akwati. Ya ce kuɗin da ba zai ɗora a goshi ba, ba zai shafa wa ramin saƙa ba, ba kuɗi ba ne, iska ce. Kowa ya ɗauka taurin kan tsufa ne, har ana yaba masa riƙon al'ada. Ni kuwa na samu abin yi.

"Bhato, tsoron muryar matar kake yi? Ba za ta kwana a ɗakinka ba, Nani ta amince."

"Ke dai ba ki da aiki."

"Ko ka fi son a tare ka a hanya a tuɓe maka wando?"

Ya ci gaba da juya kwarkwaro a hannu. Can ya ce, kamar ba da gangan ba, "Wai shi abin nan, dole sai ya yi ihu? Ba ya raɗa?"

"Raɗa? Abin da aka yi don kurame irinka? Ai in da hali ma lasifikar biki za a ɗaura maka."

Na yi ta dariya, shi bai yi ba. Akwai maɓalli a gefen akwatin da ake rage murya, kowane yaro ya sani. Amma wa zai tambaya? Duk wanda ya tambaya zai ce masa, Dada, kai da kake sayar da mafi tsada, me kake ɓoyewa?

Banwari ne ya rufe masa hanya. Wata Juma'a ya damƙa masa takardu ya ce waɗannan ne na ƙarshe, shi ma ya gaji da yawo da jaka a hanya kamar mai neman a kashe shi, daga sati mai zuwa waya ko babu. Bhato ya roƙe shi, mutumin da a da yake kora daga rumfa da yatsa ɗaya. Banwari ya ɗaga kafaɗa. Nani da ta ji cewa Seth ya daina zuwa da takarda, ba ta tsaya shawara ba, ta je ƙungiya ta karɓo akwati, ta ɗiga masa jan gari a goshi, ta rataya masa fure kamar an yi sabon ango. Ranar Juma'a da safe ya fito ya bar shi a kan taga, ta biyo shi da gudu ta cusa masa a ɗauri, a kunne, cike da caji.

Wurina a kasuwa yana fuskantar nasa, don haka da idona na gani. Ya zauna ya buɗe ɗauri ya ga akwati. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sauke gamucarsa daga kafaɗa ya nannaɗe shi, ya sake nannaɗewa, ya ƙulle bakin, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa. Na ɗauka wasa yake yi, na ɗaga murya na ce, "Bhato, sanyi yake ji ne?" Bai ko kalle ni ba. Mutumin nan tun yana yaro abin da ya sani ke nan: abin da aka rufe da gamuca ya rufu. Ban ce ya yi imani ƙyalle zai toshe bakin na'ura ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Banwari ya iso wajen hantsi, ya tsuguna, ya leƙa zane. Bhato ya kai hannu kafaɗa, ba gamuca. Ya ɗan diririce. Ukiya tana gefensa, ta ga abin da yake nema, ta zaro ta mijinta ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga wannan, Dada."

Ya karɓa. A ƙarƙashin ƙyallen mamacin nan suka yi cinikinsu. Banwari ya ciro waya ya haska katin, ya danna.

Rumfarmu kullum kamar gidan tururuwa take, amma kowace kasuwa tana da lokacin da hayaniya take ɗan numfasawa, kuma a daidai nan ne. Muryar ta fito daga ƙarƙashin cinyarsa, a ɗan daƙushe amma ras, da fara'arta kamar mai shelar haihuwa.

"An karɓi rupi dubu biyu da ɗari shida. An gode."

Wayyo ni. Na ji kamar an kwara mini ruwan rini mai zafi. Na kusa da mu suka juyo, na bayansu suka ga sun juyo su ma suka juyo. Mijina, wanda bai taɓa yin dabara a rayuwarsa ba sai ranar, ya yi wuf ya ce da ƙarfi, "Af, kafin alƙalami ne! Seth zai ciko saura!" Wasu suka ce haka ne, haka ne, har da gyaɗa kai. An buɗe masa ƙofa, abin da ya rage kawai ya ce i. Banwari yana ninke zane yana sawa a jaka, da ɗan murmushinsa.

Ukiya ba ta kalli Banwari ba, Bhato ta kalla.

"Dada, kafin alƙalami ne?"

Leɓensa ya motsa. Na rantse a raina ina cewa ka ce i, tsoho, ka ce i mu tafi gida. Gamucar mijinta tana hannunsa har lokacin. Ya kalle ta, ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu."

Ta miƙa hannu ta jawo zanen daga jakar Banwari, ta warware shi a cinyarta. Mutane suka matso. Duk masaƙa ne, kallo ɗaya ya ishe su. Kifayen sun karkace, jela a gabas kai a yamma, furannin bakin zane sun zube cikin juna. Wani dattijo ya ce "Assha," ya koma wurinsa.

"Idonka ne," in ji Ukiya. Muryarta ba ta ko rawa. "Da ka ce mana idonka ne, Dada, da a kafaɗa za mu kai ka asibiti. Da ni zan zauna gefen raminka ina ja maka zaren. Amma ka bar ni ina jigilar kaya kamar jaka, yarana suna cin shinkafa da gishiri, kana ce mini rantsuwa rantsuwa ce."

"Ƙanwata..."

"Ba ni ƙyallen mijina."

Ya miƙa mata. Ta ninke shi ta sa a ƙugu, ba ta rufe hannu da shi ba. Ta ɗago zanenta, wanda kifinsa yake tsaf kamar an zana da alƙalami, ta ce da baki, yadda kowa zai ji, abin da ba a taɓa yi ba a rumfar nan:

"Seth, uku ka ce ko? Kawo."

Akwatinta ya ce an karɓi rupi dubu uku, an gode.

Ban ga laifinta ba, kuma duk wanda ya gani ya zo ya same ni. Bayan ita sai wani mai 'yar da za a aurar. Bayansa sai wani. Sauran 'yan kasuwa suka ji ƙanshi suka taso kamar ƙudaje. Wasu masaƙan suka ɗaure kayansu suka fice cikin fushi, amma da yawa sun gaji, dama jira suke su ga wanda zai fara. Akwati ya amsa daga wannan layi, wani ya amsa daga wancan, dubu uku, dubu uku da ɗari, dubu biyu da ɗari tara, kowanne da godiyarsa. Abin da aka gina tun ina goyon ɗana na fari, kafin rana ta take tsaka ya rushe.

Bhato bai tashi ba. Na tsallaka na je na ce ya zo mu tafi, ya ce a'a. Ya zauna gindin ginshiƙinsa, hannu bisa gwiwa, yana saurare ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage shi, kuma da sun zage shi da ya fi sauƙi. Raɓawa kawai suke yi ta gefensa kamar ginshiƙin ne ya zama biyu. Ni ma da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na tsuguna kusa da shi na ja mayafi na rufe fuska, don duk wanda ya wuce sai ya haɗa da ni a kallo. Can na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Da ma kunnen ne ya mutu."

Nani ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ba don kuɗin ba, don pan ɗin da shayin da ya ce likita ya hana. A na uku ta dafa masa kifi ta ajiye ta fita. Bikin sabuwar shinkafa ya zo, ba wanda ya kawo ƙoshiya gaban Samalei, ba a yanke farashi ba, kuma har yau ba a sake yankewa ba. Bhato ya je, ya tsaya can baya wurin takalma.

Bayan damina likitocin ido suka zo makarantar garinmu suna duba mutane kyauta. Ni da Nani muka sa shi a tsakiya kamar ɓarawo muka kai shi, aka rubuta shi, aka ɗauke shi a mota zuwa Bargar. Aikin safiya ɗaya. Safiya ɗaya, jama'a! Abin da ya sayar da sunansa da guminmu don kada a sani, ko tukunyar shinkafa ba ta gama nuna ba aka fito da shi da auduga a ido. Da aka cire audugar likita ya ɗaga masa yatsu ya ce nawa ne, ya faɗa daidai. Kifinsa ya dawo yadda yake, har ma ya fi. Nani ce take kai shi kasuwa yanzu, da akwatinta a jaka, ta sayar yadda kowa yake sayarwa.

Ni na rako shi gida ranar da aka ba shi tabarau. Muka shigo ta layin masaƙa da la'asar, lokacin da ake fito da zare titi ana wadari. Yana ta kalle-kalle kamar baƙo, yana karanta rubutun bango, har ya ce mini ashe na tsufa haka. Na ce shi ma madubi yana jiransa a gida. Muka yi dariya, ta farko tun ranar kasuwar nan.

Ukiya tana ƙofar gidanta ita da babbar 'yarta suna jan zare. Bhato ya rage tafiya, ya haɗa hannu a ƙirji.

"Juhar, ƙanwata."

Ta ɗago ta gan shi sarai. Ta mayar da kanta kan zare, ta ce wa yarinyar ta ja da kyau, ya yi sako-sako. Masu wadari na gaba da ita su ma kowa ya samu abin dubawa a hannunsa.

Muka wuce. Sai da muka kusa ƙofar gida ya tsaya, ya cire tabarau ya riƙe.

"Bilasa, watannin nan duk in na wuce ta layin nan, ce wa kaina nake yi wataƙila sun ɗaga mini hannu, ni ne ban gani ba."

Na buɗe baki in yi masa wasa, ban samu ko ɗaya ba.

"Yanzu ina gani," in ji shi. Ya mayar da tabarau, ya sunkuya ya shiga gida.